Tarihin Binciken Ruwan Ƙwayar Halitta

Duk abin da ke da rai, ko mutum, ko dabba, ko tsiro, an gina jikinsa ne da waɗansu 'yan ƙananan abubuwa waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Su a ke kira ƙwayoyin halitta. Yadda magini ke aza tubali bisa tubali har ya ta da soro, haka su ke jere cikin fata da tsoka da hanta da ƙwaƙwalwa. Ƙanƙantarsu kuwa ta kai in an jera ƙwayoyin jan jini guda 100 a layi ɗaya, ba za su cika tsawon milimita guda ba.

Yawancin ƙwayoyin nan sun yi kama da ƙwan kaza ta wani fanni. Akwai tantani siriri da ya kewaye kowace ƙwaya, akwai gwaiduwa a tsakiya, sa'an nan tsakanin gwaiduwa da tantani akwai wani abu mai danƙo kamar farin ƙwai, da 'yan tsabobi da zarurruka a cikinsa. In an kawar da tsabobin da zarurrukan, abin da ya rage ruwa ne garau marar launi. Har wa yau, a wajen ƙwayoyin akwai wani ruwa garau mai yauƙi da ya cika tsakaninsu, musamman a ƙarƙashin fata, da cikin guringuntsi, da cikin ido, kamar yadda laka ke cika tsakanin tubali. Masana suka nemo wa ruwayen nan biyu suna daga kalmar Girkanci hayalos, watau gilashi.

Sunan kuwa ya dace, gama abin da a kan yi wa gilashin taga shi aka yi musu: a kan dubi abin da ke bayansa, a manta da shi kansa. Shekara wajen ɗari uku masanan Turai suna gardama a kansu. Waɗansu suka ce ruwa ne kurum, ba shi da wani aiki sai cika wuri. Waɗansu suka ce ai a cikinsa asirin rai ya ke. Ga yadda gardamar ta faro, da yadda aka raba ta.

Ɗakunan Da Aka Tarar Ba Kowa

Cikin shekarar 1665 wani Baturen Ingila, Robert Hooke, ya buga littafi a Landan mai suna Micrographia, inda ya zana abubuwan da ya gani da madubinsa. Ya ɗauki ɓawon itacen nan da a ke yin toshiyar kwalba da shi, ya yanko shi siriri da wuƙa mai kaifi, ya sa a ƙarƙashin madubi, sai ya ga 'yan ramummuka jere kamar saƙar zuma. Ya kira su da kalmar Latin mai ma'anar ƙananan ɗakuna, sunan da ya bi su har yau a harsunan Turai. Amma ɓawon nan matacce ne. Bango kaɗai ya rage, abin da ke ciki ya daɗe da bushewa. Hooke ya lura cewa a ɗanyen tsiro ɗakunan cike su ke da ruwa, sai dai ya ɗauka ruwan abinci ne da ke ratsawa. Saboda haka tun daga fari bango aka ba girma, aka ƙyale mai ɗakin.

Cikin 1674 wani mai sayar da yadi a garin Delft ta ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda ya gwanance wajen wasa gilashi, ya ga 'yan halittu suna iyo cikin ɗigon ruwan tafki. Bayan shekara ɗari daidai, cikin 1774, wani malamin Italiya, Bonaventura Corti, ya ga ruwan da ke cikin ƙwayoyin wani tsiron ruwa yana kewayawa, ya hau ta wannan gefe, ya sauko ta wancan, ba zuciya mai tura shi. Mutanen zamaninsa ba su mai da hankali ga maganarsa ba. Dalili kuwa madubin lokacin ba shi da tabbas. Ya kan sa wa kowane abu baki mai launi kamar bakan gizo, har mai duba ya kasa rabe abin da ke nan da abin da gilashi ya ƙaga.

Wajen 1830 wani attajirin Landan, Joseph Jackson Lister, ya nuna yadda za a haɗa gilasai iri dabam dabam don su gyara aibin juna. Nan da nan aiki ya buɗe. Cikin 1831 Robert Brown ya bayyana gwaiduwar ƙwaya a cikin tsiro. Cikin 1835 kuma wani Bafaranshe, Félix Dujardin, ya dage bisa nazarin 'yan halittun teku masu ƙwaya ɗaya tak. Ya murƙushe su da tsinin allura, ya ga jikinsu wani abu ne garau mai danƙo, yana manne wa allura, yana miƙewa kamar majina, yana tsukewa ya dunƙule, kuma ba ya narkewa cikin ruwa. Ya ce wannan abu shi ne ke motsi, shi ne ke cin abinci, watau shi ne halittar. Shi ya fara juyo da hankalin masana daga bango zuwa cikin ɗaki.

Kuskuren Schwann

Cikin 1838 wani Bajamushe, Matthias Schleiden, ya ce dukan tsiro da ƙwayoyi aka gina shi. Abokinsa Theodor Schwann, almajirin babban malamin nan Johannes Müller na Balin, ya dubi guringuntsin 'ya'yan kwaɗi, ya ga irin ƙwayoyin nan a ciki. Cikin 1839 ya buga littafi ya ce dabba da tsiro duk ginin ɗaya ne. Wannan magana ta tabbata, ita ce harsashin ilmin likitanci na yanzu.

Amma sai tambaya ta taso: daga ina sababbin ƙwayoyi ke fitowa? A cikin guringuntsi ƙwayoyi a warwatse su ke, kowace tana zaune cikin wani abu garau mai yawa. Schwann ya ga haka, sai ya yanke cewa wannan abu garau shi ne uwa, ƙwayoyi daga cikinsa su ke tsirowa, yadda gishiri kan fito in an bar ruwan gishiri ya ƙafe. Da ya ke shi mutum ne mai suna, aka karɓi maganar, aka yi ta koyar da ita fiye da shekara goma.

Wanda ya warware ta shi ne Robert Remak, likita a Balin, wanda aka daɗe ana hana shi kujerar babban malami don shi Bayahude ne. Ya zauna ya yi ta duban jinin ɗan tsako tun yana cikin ƙwai, da ƙwan kwaɗo yana girma, ya ga da idonsa ƙwaya tana tsukewa a tsakiya ta rabu biyu. Cikin 1852 ya bayyana cewa ta haka kaɗai ƙwayoyi ke yawaita. Cikin 1855 Rudolf Virchow ya ɗauki maganar ya yaɗa ta, ya ce ba ƙwayar da ke samuwa sai daga wata ƙwaya. Ashe zancen Schwann a juye ya ke. Ƙwayoyi ne ke yin abin da ke tsakaninsu, su fitar da shi waje. Daga nan darajar ruwan tsakani ta faɗi ƙasa warwas, aka mai da shi laka kurum.

Taɓon Ƙarƙashin Teku

Shi kuwa abin da ke cikin ƙwaya, darajarsa sai ƙaruwa ta ke yi. Cikin 1839 Jan Purkinje na jami'ar Breslau ya kira shi furotofilazam, watau abin da aka fara siffantawa. Cikin 1846 Hugo von Mohl ya ba abin da ke cikin ƙwayar tsiro wannan suna. Cikin 1850 Ferdinand Cohn ya ce abin da Dujardin ya gani a dabba da wanda von Mohl ya gani a tsiro duk ɗaya ne. Cikin 1861 Max Schultze ya ƙarasa zancen, ya ce ƙwayar halitta dunƙulen furotofilazam ce mai gwaiduwa a ciki, bango kuwa ba dole ba ne. Cikin 1868 Thomas Henry Huxley, wanda a lokacin ba masanin da ya fi shi baki a Ingila, ya tsaya gaban taro a birnin Edinbara ya ce wannan abu mai danƙo shi ne tushen rai a jikin mutum da na ciyawa baki ɗaya.

To, in mutum ya ƙwallafa rai ga abu, ko'ina ya duba sai ya gan shi. Cikin shekarar nan ta 1868 Huxley ya buɗe waɗansu kwalabe na taɓon da aka yaso daga ƙarƙashin tekun Atilantika tun 1857, aka adana cikin barasa. Ya ga wani abu garau mai yauƙi a kan taɓon. Ya ce ga furotofilazam tsantsa, marar ƙwaya marar gwaiduwa, shimfiɗe a gindin teku, ya raɗa masa suna don girmama abokinsa Ernst Haeckel na Jamus. Haeckel kuwa ya yi murna ƙwarai, yana ganin an samo mafarin dukan masu rai.

Cikin 1872 jirgin bincike na Ingila mai suna Challenger ya tashi kewaya duniya. Masanan da ke cikinsa suka yi ta yaso taɓo daga teku zuwa teku, ba su ga kome ba muddin taɓon ɗanye ne. Cikin 1875 masanin sinadarai na jirgin, John Young Buchanan, ya lura cewa abin ba ya bayyana sai an zuba barasa. Da ya gwada shi, sai ya tarar jibsin ne da ke narke cikin ruwan teku, barasa ce ke sa ya daskare ya yi yauƙi. Huxley bai yi taurin kai ba, ya fito fili ya karɓi kuskurensa. Amma aibin da ya jawo kuskuren bai tafi ba, watau maganin da a ke adana abu da shi ya ƙaga abin da babu.

Zare, Tsaba, Ko Kumfa

Cikin 1863 Albert von Kölliker ya kawo kalmar saitofilazam, wadda daga baya aka keɓe ta ga abin da ke tsakanin gwaiduwa da tantani. Cikin 1877 Wilhelm Pfeffer ya kira ɓangarensa garau hayalofilazam. Suna dai ya samu, amma hankalin masana bai kwanta ba. Suka ce ruwa tsinkakke ba ya tafiya da kansa, ba ya cin abinci, ba ya haihuwa. Lalle akwai wani gini ɓoye a ciki wanda ke yin ayyukan nan.

Don su gan shi sai su kashe ƙwaya da magunguna masu ƙarfi, su rina ta, su yanka ta siriri. Walther Flemming na Kiel, cikin 1882, ya ce shi zarurruka ya gani, su ne masu rai, ruwan kuwa ciko ne. Richard Altmann na Leipzig, cikin 1890, ya ce tsabobi ne, kowace tsaba 'yar halitta ce mai zaman kanta. Otto Bütschli na Heidelberg, cikin 1892, ya ce kumfa ce, watau ruwa iri biyu da ba su gauraya ba. Har ya kaɗa man zaitun da wani gishiri mai kama da kanwa, ya ɗiga cikin ruwa, ɗigon ya yi ta rarrafe kamar mai rai. Kowane malami da almajiransa, kowa da maganinsa da rininsa, kowa kuwa abin da ya zata shi ya ke gani.

Cikin 1899 William Bate Hardy na Kambirij da Alfred Fischer na Leipzig, kowa a wajensa, suka yi wani gwaji mai sauƙi. Suka ɗauki abubuwa irin su farin ƙwai, waɗanda kowa ya san ba wani gini a cikinsu, suka zuba musu magungunan nan. Sai ga zare, ga raga, ga tsaba sun fito, gwargwadon maganin da aka zuba. Kowace mai yin cuku ta san haka: madara ruwa ce sumul, amma da an sa mata abin da ke sa ta kama sai ta yi gudaji. Gwajin nan ya sanyaya gwiwar masu madubi ƙwarai. Aka gane cewa da duba kaɗai ba za a raba gardamar ba.

Turmin Buchner

Amsa ta zo ta ƙofar da ba a zata ba. Tun da daɗewa an san yisti ke sa kwaɓin burodi ya tashi, shi ke juya sukari ya zama barasa da iska. Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa yisti ƙwaya ce mai rai, ya kuma tsaya a kan cewa aikin nan ba ya yiwuwa sai da rai. Justus von Liebig na Jamus ya ce aikin sinadari ne kurum. Dukansu biyu suka mutu ba su daidaita ba, Liebig cikin 1873, Pasteur cikin 1895.

Eduard Buchner masanin sinadarai ne, wansa Hans kuwa likita ne a Munik. Suna neman su tatso ruwan cikin yisti don gwajin magani, ba don wannan gardama ba. Suka zuba yisti a turmi tare da yashi da wata farar ƙasa mai laushi, suka daka har ƙwayoyin suka farfashe, suka ƙunshe cikin ƙyalle mai ƙarfi, suka matse da injin matsi, suka tace. Ruwa ya fito mai ɗan rawaya, ba ƙwaya mai rai a ciki. Sai dai ba ya jimawa sai ya lalace. Don ya daɗe, sai aka zuba masa sukari mai yawa, yadda a kan adana 'ya'yan itace. Ba a daɗe ba ruwan ya soma tsattsafo da kumfa. Eduard ya gane abin da ya gani: sukari na juyewa barasa, ba kuwa ƙwaya ko ɗaya.

Ya buga labarin cikin 1897, aka ba shi lambar girma ta Nobel cikin 1907. Ya rasu cikin 1917 sanadiyyar raunin da ya samu a Rumaniya lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Gwajinsa ya taɓa kowane ɓangare. Masu cewa ruwan ciko ne suka ga yana yin babban aiki shi kaɗai. Masu cewa asiri ne da ba a taɓawa suka ga an zuba shi a kwalba, an auna shi, yana aiki bayan ƙwayar ta mutu. Abin da ke aikin waɗansu furotin ne narkakku da a ke kira inzayim, kowane da aikin da ya iya.

Daga nan sai aka shiga tsefe aikin. Cikin 1906 Arthur Harden da William Young a Landan suka tace ruwan yisti ya rabu kashi biyu, suka tarar ba kashin da ke aiki shi kaɗai sai an sake haɗa su. Suka kuma nuna cewa aikin na bukatar gishirin fosfet. Gustav Embden, da Otto Meyerhof, da Otto Warburg a Jamus, da Jakub Parnas a Folan, suka bi sawu cikin yisti da tsoka. Kafin 1940 ta ƙare an san hanyar duka. Sukari kan bi matakai 10, kowane mataki da inzayim nasa, dukansu kuwa cikin ruwan nan garau su ke. Abin mamaki, hanyar yisti da ta tsokar mutum ɗaya ce, sai a ƙarshe su ke rabuwa, yisti ya fitar da barasa, tsokar da ta rasa isasshiyar iska ta fitar da irin tsamin da ke cikin nono. Ƙwayar jan jinin mutum kuwa ba ta da wata hanyar samun ƙarfi sai wannan.

Injin Majaujawa

Saura a san iyakar ruwan, a rabe shi da abin da ke yawo cikinsa. Wanda ya buɗe hanyar shi ne Albert Claude, mutumin Beljiyam, wanda ya kama aiki a Cibiyar Rockefeller ta birnin Niyok cikin 1929. Ya niƙa hantar ɓera a hankali, ya zuba cikin 'yan kwalabe, ya sa a inji mai juyawa kamar majaujawa. In an juya kaɗan, gwaiduwa ce ke kwantawa, don ta fi nauyi. In an ƙara gudu, sai manyan tsabobi su kwanta, waɗanda a ke kira maitokondiriya, inda ƙwaya ke ƙarasa ƙona abinci da iska. In an ƙara kuma, sai 'yan mitsi-mitsi su kwanta. Injunan da suka biyo baya kan ninka nauyin abu sau 100,000. Abin da ya rage a sama bayan wannan duka, garau, shi ne ruwan da aka daɗe ana nema.

A daidai lokacin kuma aka sami sabon madubi mai aiki da lantarki, wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka fara haɗawa a Balin cikin 1931. Cikin 1945 Claude da Keith Porter da Ernest Fullam suka ɗauki hoton cikakkiyar ƙwaya da shi, sai ga wata raga siririya a wurin da dā a ke gani fili ne. Cikin 1955 George Palade ya bayyana 'yan tsabobin da a ke kira raibosom, inda a ke ƙera furotin. Aka kuma tabbatar da zarurrukan da ke riƙe da siffar ƙwaya. Ta haka tsofaffin masu gardama kowa ya sami rabonsa. Yawancin tsabobin Altmann maitokondiriya ne, zare ma akwai shi, gargaɗin Hardy kuwa yana nan daram. Cikin 1965 Henry Lardy na Amurka ya kira ruwan da ya rage saitosol. Cikin 1974 aka ba Claude da Palade da Christian de Duve lambar Nobel.

Da aka auna ruwan, sai aka tarar wajen kashi 70 cikin 100 ruwa ne zalla, kashi 20 zuwa 30 kuwa furotin ne. Watau cunkoso ne kamar kasuwa ranar cinta, ko da ya ke ido na ganinsa garau. Gishirinsa ma dabam ya ke da na jini: fotasiyam ya yi yawa a ciki, sodiyam ya yi yawa a waje. Cikin 1957 Jens Skou na Denmak ya gano, cikin jijiyar ƙaguwa, ɗan famfon da ke jikin tantani mai riƙe da bambancin nan, wanda da shi jijiya ke kai saƙo, zuciya ke bugawa.

Ba ciwon da ya nuna muhimmancin ruwan nan kamar amosanin jini, watau sikila, wanda ba ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu fama da shi. Kusan sulusin nauyin ƙwayar jan jini furotin ne mai ɗaukar iska, narke cikin ruwanta. Cikin 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa na mai sikila ya bambanta da na sauran mutane. In iska ta yi ƙaranci sai ya harhaɗu ya zama dogayen sanduna, ruwan ya sandare, ƙwaya ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Azabar da yaro ke sha a ƙashi daga nan ta ke farawa.

Ruwan Da Ke Tsakani

Shi kuwa ɗaya ruwan, wanda aka yasar tun zamanin Virchow, an san da shi tun da daɗewa. Cikin 1656 wani likitan Landan, Thomas Wharton, ya bayyana abu mai santsi da ke cikin igiyar cibiyar jariri, wanda ke kāre hanyoyin jini kada su matse. Amma ba a san ko mene ne ba.

Cikin 1928 Francisco Duran-Reynals, mutumin Basalona da ke aiki a Cibiyar Rockefeller, ya lura cewa akwai wani abu a cikin gwaiwar dabba wanda in an haɗa shi da ƙwayar cuta aka yi wa zomo allura a fata, sai cutar ta bazu da nisa. Ko tawada aka haɗa shi da ita, haka ta ke bazuwa. Daga baya aka sami irin abin nan a dafin maciji da waɗansu ƙwayoyin cuta. Wannan ya nuna akwai wani shinge a cikin fata da abin ke rushewa.

Cikin 1934 Karl Meyer da John Palmer na jami'ar Kolambiya a Niyok suka tatso ruwa mai kauri da ke cikin idon saniya, suka fitar da wani sinadari da ba a san shi ba. Doguwar sarƙa ce ta sukari iri biyu, ɗaya na bin ɗaya har dubbai, mai shan ruwa ƙwarai, mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Suka raɗa masa suna daga kalmar nan ta gilashi, shi a ke kira hayaluronan yanzu. Aka same shi a cibiya, da ruwan gaɓoɓi, da fata, da zankon zakara. Cikin 1939 da 1940 Ernst Chain da Edward Duthie na Oksifod suka haɗa zancen biyu: abin da Duran-Reynals ya gano inzayim ne mai yanyanka sarƙar nan. Watau maciji, in ya sari mutum, ya kan zuba dafi tare da abin da zai tsinka yauƙin da ke tsakanin ƙwayoyi, don dafin ya sami hanya.

Ashe abin da aka raina shinge ne ga cuta, mai ne ga gaɓoɓi, matashi ne ga guringuntsi, kuma ta cikinsa abinci ke ratsawa daga jini zuwa ƙwaya. Jikin babban mutum na ɗauke da wajen giram 15 na hayaluronan, kusan sulusinsa kuwa ana rushewa a sabunta shi kowace rana. Endre Balazs, mutumin Hangari, ya yi shekaru yana tsarkake shi daga zankon zakara, har cikin 1980 kamfanin Pharmacia na Suwidin ya fitar da shi don aikin ido. Likita mai cire yanar ido kan cika gaban idon da irin wannan abu don kada ya lotsa, don kuma ƙarfe kada ya goge ƙwayoyin da ba su sake tsirowa.

Inda Zance Ya Kwana

Cikin 1899, shekarar da Hardy ya yi gwajinsa, wani masanin Amurka, Edmund Wilson, ya dubi ƙwan halittun teku da ransu, ba magani ba rini, ya ce abin da ke cikinsu haɗin ruwaye ne, ɗigon wani cikin wani. Aka bar maganar ta kwanta fiye da shekara ɗari. Cikin 2009, a birnin Dresden na Jamus, Clifford Brangwynne da Anthony Hyman da abokan aikinsu suna duban ƙwan wata 'yar tsutsa, suka ga waɗansu tsabobi suna ɗiga, suna haɗewa, suna narkewa su sake fitowa, kamar ɗigon mai a kan romo. Ba tantani a jikinsu. Ruwan ne da kansa ke rabuwa kashi kashi, ya tara ma'aikatan aiki guda a wuri guda. Wilson da Bütschli ba su yi nisa da gaskiya ba.

Mai karatu zai lura cewa kowane ci gaba a labarin nan ya zo ne sa'ad da wani ya tuhumi kayan aikinsa, ko ya sake su. Buchanan ya tuhumi barasar kwalba, Hardy ya tuhumi maganin kashe ƙwaya, Buchner da Claude suka ajiye madubi suka ɗauki turmi da majaujawa. Waɗanda suka ce ruwan ba kome ba ne, da waɗanda suka ce asiri ne da ya fi ƙarfin bincike, duk hanya ɗaya suka toshe, gama ba ɗayansu da ya ga dalilin auna shi. Da aka auna shi kuwa, sai aka san yadda tsoka ke samun ƙarfi, da yadda dafi ke bazuwa, da mafarin ciwon sikila, aka kuma sami abin da ke taimakon likita ya mayar wa tsoho da ganinsa.